Yadda Taken Mahaifina Ya Hau Motar Parti

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka fara ɓullowa a ƙasarmu bayan babban taron da aka yi a Yamai, na ɗauki taken noman mahaifina na ba ɗan siyasa kyauta, ban ma san na yi ba. Masu tambayata dalilin da ya sa har yau nake sa kiɗan piyano na ƙasar Norwe a mota, alhali ko filin jirginsu ban taɓa takawa ba, to ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ina ƙaramin malamin lakol, wato makarantar boko, a Gazawa. Ban yi aure ba, ina da keke ɗaya, wando uku, da ra'ayi a kan komai. Kusa da lakol ɗinmu akwai buro, wato ofis, na wani furoje mai aikin haƙa rijiyoyi, a cikin ma'aikatansa akwai wata baturiya 'yar Norwe, ko Norbej kamar yadda muke karantawa a taswirar aji. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Tana son koyon Hausa, ni kuma ina son a gan ni ina hira da baturiya, sai muka daidaita. Kowace Laraba da la'asar nakan je in koya mata a ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar buron.

Wata rana na iske ta ta sa kaset a ɗan rediyonta. Piyano ne shi kaɗai, ba murya, ba ganga. Ya fara da wasu 'yan sautuka can sama, a hankali, sai ya yi shiru, sai ya maimaita su ƙasa-ƙasa kamar an amsa daga nesa. Na ce mata wannan ai kiɗan barci ne. Ta yi dariya ta ce a'a, kiran shanu ne. Ta ce a ƙasarsu idan zafi ya shigo mata kan hau da shanu kan duwatsu su yi watanni a can, kuma kowace tana da irin kiran da take wa nata. Wani makaɗin piyano na ƙasarsu, wanda ya mutu da daɗewa, shi ne ya riƙa bin ƙauyuka yana sauraren matan nan da masu gogen biki, ya rubuta abin da ya ji, ya zo ya ɗora shi a kan piyano. Ta juya kaset ta sa mini wani mai sauri. Ta ce wannan na rawar samari ne, ana ɗaga hula a kan sanda, saurayi ya yi tsalle ya kaɗo ta da ƙafa. Ta nuna mini yadda hannun hagu ke riƙe sauti biyu masu kauri ba ya sakinsu, ta ce gogen ƙauye ne ake kwaikwayo.

Abin da ya tsaya mini a rai ba daɗin kiɗan ba ne, don a ranar ban ji wani daɗi ba. Maganar da ta yi ce, cewa yanzu duk duniya ana buga waƙoƙin ƙauyukansu a manyan ɗakunan taro, mutane su sa kwat su zauna su yi tsit. Na tuƙa kekena zuwa gida ina tunanin cewa ƙasarmu ta Gangara ma tana buƙatar irin wannan mutum, kuma ban sha wahalar gano wanda ya dace ba.

Da aikinta ya ƙare za ta koma, ta bar mini kaset ɗin da wata 'yar piyano ta roba mai aiki da pil, wato batir, guda shida, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Ba a daɗe ba aka shiga yajin aikin malamai, lakol ta zama yau a buɗe gobe a rufe. Na ɗaure piyano a bayan keke na nufi ƙauyenmu da ke kusa da Gangara, wajen mahaifiyata, da niyyar fara aikin tattara waƙoƙin al'umma. Haka na rubuta a bangon littafina, da jan biro.

Sai na yi muku bayanin gidanmu kaɗan. Mahaifina ya rasu ina da shekara huɗu. Ba na tuna fuskarsa, sai dai kowa na cewa manomi ne na ji da gani. Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru aka rubuta ni lakol, daga nan sai Maradi, ban ƙara zaman ƙauye na kirki ba. Ni ne ɗan fari, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. "Kai" nake a bakinta. Sunan mahaifina kuwa ban taɓa jin ta faɗa ba ko sau ɗaya. Wannan alkunya ce ta matan wajenmu, kuma na tashi na gan ta kamar yadda na ga rijiyar ƙofar gida, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kanta ba.

Akwai wata waƙa da take yi da hanci idan tana aiki ita kaɗai, musamman in tana ɓarar gyaɗa. Ba kalmomi, sauti ne kawai, gajere, yakan hau ya sauko ya sake hawa. Tun ina yaro nake jin ta. Ranar da na zauna da littafina ina neman inda zan fara, sai ga ta tana fitowa daga bayan rumbu. Na ce to, ga matar kan dutse Allah ya kawo mini har gida.

Na leƙa na ce, "Inna, wannan waƙar mece ce?"

Ta daina. Ba ta ɗago ba ta ce, "Waƙa ce dai."

"Wa ya yi ta?"

"Kai, matsa mani daga haske."

Na koma na rubuta a littafi: tsohuwar waƙar mata, ba a san mai ita ba.

Kwana goma na yi a ɗakin zaure ina lalubo ta a kan piyano da yatsa ɗaya. Akwai wuri guda da ya ba ni wuya. Muryar Inna takan tsaya a wani sauti da babu shi a piyano, yana tsakanin farin haƙori da baƙin da ke kusa da shi. Na danna wannan, bai yi ba. Na danna wancan, bai yi ba. Na tuna baturiya ta ce ko mutumin ƙasarsu ya gamu da irin wannan, sai na ji ni da shi sa'o'i ne, na zaɓi farin na wuce. Na rage mata sauri, na sa hannun hagu ya riƙe sauti biyu masu kauri kamar na kaset. A cikin zaure da ƙofa a rufe nake yi, don na fi son sai na gama in ba kowa mamaki.

Wanda ya fara ji shi ne abokina, wanda muka yi lakol tare, a lokacin ya zama babban ɗan hidimar wani mai neman kujerar majalisa. Kowace jam'iyya tana neman kiɗan da za ta sa a motar kamfe, kuma manyan makaɗa duk an riga an kame su. Ya saurara, ya ce, "Mushe," haka ake kiran malamin lakol a wajenmu, "wanga abu da daɗi, amma ka kashe shi da sanyi. Ba ta da wurin ganga?" Piyanon tana da wani maɓalli da in ka danna sai ganga ta riƙa bugawa da kanta. Na danna. Ya ce in ƙara wuta. Na ƙara. Ya tashi yana taka rawa a zaure, ya ce wallahi an gama zaɓe.

Ya tambaye ni waƙar ta wa ce, wannan kam ba zan ɗora masa laifi ba. Na ce ta al'umma ce. Muka ɗauka a kaset, ya tafi da ita.

Mako biyu bayan nan motar parti ta fara zagaya kasuwanni da amsa-kuwwa biyu a kanta. An ji ta a Gazawa, an ji ta a Age. Samarin jam'iyya suka sa mata kalmomi, suka cusa sunan ɗan takara daidai wurin da sautin ke hawa. Ranar kasuwar Gangara na sa wandona mafi kyau na je na tsaya kusa da motar, ina jira wani ya tambayi wanda ya yi. Inna tana can rumfar masu man gyaɗa, inda take zama kowane mako. Da na leƙa wajen azahar, sai maƙwabciyar rumfarta ta ce ta kwashe kwalabenta ta tafi gida tun hantsi. Na ɗauka ciwon kai ne.

Washegari da safe aka yi sallama a zaure. Tsohon makaɗin noman ƙauyenmu ne, sa'an mahaifina, wanda ya yi shekaru yana kaɗa wa manoma ganga a wajen gayya. Bai zo da gangarsa ba. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya ƙi shan ruwa.

Ya ce, "An ce kai ka yi abin da mota ke yawo da shi."

Na gyara zama na ce ni ne, Baba.

"Buga mani in ji."

Na buga masa mai sanyin, wanda na fi alfahari da shi. Ya saurara har ƙarshe idonsa a ƙasa. Sannan ya ce, "Ka miƙe mashi baya, ka kuma sa shi tahiya kamar marar lahiya. Amma shi ne. Ka san ko taken wa ke nan?"

Na ce ai waƙar mata ce.

Ya ce, "Taken ubanka ne. Ni na yi mashi shi, shekarar da ya riga kowa hita kunya a gonar sarkin noma. Tun da muka rufe shi ban sake kaɗa shi ba."

Ga waɗanda suka tashi a birni: a wajen gayya kowane manomi da ya isa yana da takensa, kiɗa da 'yar waƙa da makaɗi ya yi masa shi kaɗai, da sunansa a ciki. In aka kaɗa, mai shi yakan ɗaga hauya ya amsa, ya shiga kunya kamar ba shi da ƙashi a baya. Ba a kaɗa wa wani taken wani. Duk wannan na sani, har na taɓa koya wa yara a aji. Abin da ban haɗa ba shi ne, matar da ba ta iya faɗin sunan mijinta, in za ta yi waƙar da sunansa ke ciki, dole da hanci za ta yi ta.

Na tambaye shi me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini. Ya ce, "Wa za ya gaya maka? Ita? Ni kuwa na aje shi ne don ba mai amsawa. Ɗan da za ya amsa an kai shi lakol."

Ya ce abin da ya kawo shi ba faɗa ba ne. Take na wanda ya amsa shi ne a gaban mutane, kuma yanzu kasuwa uku sun ji an amsa shi da sunan wani. Yaran da ke tasowa ba su san mahaifina ba, abin da za su riƙe shi ne waƙar ɗan takara. In aka bar shi haka, ya tafi ke nan.

A ranar na hau keke na je Gazawa wajen abokina in karɓo kaset. Ya ce wanne daga ciki? An kai Maradi an buga da yawa, kowace mota da nata. Ya ji kunya sosai, har ya cire wanda ke motarsu ya ba ni, amma muna tsaye sai ga wani mai moto, wato babur, ya wuce yana rera ta da fito. Abokina ya ce, "Ai kai ka ce ta al'umma ce." Na ce haka na ce.

Da na koma gida na iske Inna tana ɓarar gyaɗa a bayan rumbu, shiru. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Da ma a nan na tsaya. Amma malamin lakol ba ya barin magana ba bayani, sai na shiga gaya mata labarin mutumin Norwe, da yadda ya ɗauki kiran shanun wata mata ya kai shi duniya, da yadda ake girmama shi. Har na ɗauko rediyo na sa mata. Ta saurara, hannunta bai daina aiki ba.

Da ya ƙare ta ce, "Ita matar, ta ji wanga?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To bayan nan da mi take kiran shanunta?"

Wannan ma ban sani ba. Na kashe rediyo.

Zaɓe ya zo ya wuce a cikin rani, ɗan takararmu ya ci, ya tafi Yamai. Ni kuwa na koma wajen tsoho na tambaye shi ko akwai gyara. Ya ce akwai ɗaya: in damina ta sauka baffana, ƙanen mahaifina, zai yi gayyar noman fari. Shi zai kaɗa taken, ni in amsa a gona, a gaban waɗanda suka san mai shi da waɗanda ba su sani ba. Ya dubi tafin hannuna ya ce in fara riƙe wani abu da ya fi alli nauyi tun yanzu.

Ban yi ba. Na ce ai noma a jinina yake.

Ranar gayya mun kai mutum talatin a bakin gonar baffa, hatsi ya kai ƙwauri, ciyawa ta yi masa yawa. Aka ba ni hauya da kunya ta tsakiya, inda kowa zai gan ni. Tsoho ya bi manya ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa wa kowa nasa. Sannan ya gyara ratayar ganga, ya sauya hannu. Ban gane shi nan take ba, saboda saurinsa ya ninka nawa, kuma ba irin saurin motar parti ba ne, yana da wani ɗan jinkiri a tsakiya daidai lokacin da mutum ke janyo hauya. Da ya buɗe baki sai ga sautin nan da na rasa a piyano, ashe a kansa sunan mahaifina yake zaune. Ranar na fara jin sunan a cikin waƙa.

Tsofaffi suka tsaya cak. Wasu samari biyu suka fara rera kalmomin parti, baffa ya juya ya dube su sau ɗaya, suka haɗiye. Ya kamata in yi kirari, amma ban san na mahaifina ba, ni kuma ba ni da nawa. Na ɗaga hauya na ce, "Ga ni!" Abin da ya fito ke nan. Hawaye suka zo mini, ban shirya musu ba, na sunkuya na shiga kunya don kada a gani.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni na zo na ƙarshe. Kafin in kai rabi tafin hannuna ya fashe wuri huɗu, na sare hatsi ya fi goma, sau biyu ina tsayawa ina riƙe ƙugu. Tsoho bai bar ni ba, yana biye da ni da ganga har bayan kowa ya fita ya zauna inuwa. Baffa ya so ya kamo mini daga ɗaya bakin, tsoho ya girgiza masa kai. Da na fita, mutane suka yi sowa, rabi ta murna rabi ta dariya. Tsoho ya sauke ganga ya ce, "Ya komo gida. Amma ubanka bai taɓa tsayawa shan iska tsakiyar kunya ba."

Inna ba ta zo gona ba. Ta dai aiko da fura a ƙwarya dabam, aka ce wannan ta mai lakol ce. Da yamma ta ajiye mini man kaɗe a ƙofar zaure don hannuna.

Daga baya waƙar parti ta mutu da kanta. Bayan 'yan shekaru sojoji suka dawo, majalisa ta watse, motocin suka koma jigilar kasuwa. A ƙauyenmu kuwa, har tsoho ya rasu, duk gayyar da na halarta sai ya kaɗa mini taken, ni kuma sai na zo na ƙarshe. Piyanon roba tana nan a kan kabad, pil ya zube a cikinta tuntuni.

Kiɗan Norwe kuwa sai bayan wannan ya fara yi mini daɗi. Ba na jin haushin mutumin, ban san yadda suka yi da matan da ya saurara ba, wataƙila ya yi tambaya fiye da yadda na yi, wataƙila su ma sun yi murna. In na sa kiran shanun nan a mota, ba ɗakin taro da masu kwat nake gani ba, wata mata nake ji tana aikinta, ba ta san da mai littafi a bayanta ba. Abin da na koya bai da yawa. In na ji abu a bakin mutum ya ce mini waƙa ce dai, yanzu nakan bar masa abinsa.

Inna ta yi shekara goma sha tara bayan gayyar nan, kuma ban ƙara jin waƙar a bakinta ba. Na daɗe ina zaton ta bar ta ne gaba ɗaya, abin yana damuna. Bayan rasuwarta na faɗa wa ƙanwata haka. Ta ce, "Haba yaya, ai kullum tana yi. Sai dai kafin ta fara takan aike ni in duba ko kekenka na zaure."